Yadda Ake Zaɓar Fatar Birkin Gaba Da Yadda Ake Sauya Ta, Mataki-Mataki

Tambaya kan fatar birki ta yi yawa, kuma kusan duk iri ɗaya ce: wace fata zan saya, kuma zan iya sa ta da kaina? Za ka iya, in kana da kayan aiki da haƙuri. Cire tsohuwar fata da sa sabuwa ba ya wuce minti goma a kowace ƙafa. Abin da ke cin lokaci, kuma inda ake yin ɓarna, shi ne abubuwan da ke kewaye da fatar: faifan da take kamawa, sandunan da kalifa ke zamiya a kansu, da man birki. Za mu yi misali da Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 saboda yawanta a titunanmu, amma tsarin ɗaya ne a yawancin ƙananan motoci masu kalifa mai fistan ɗaya, wato ƙarfen da man birki ke turowa ya matsa fata a jikin faifan.

1. Tabbatar fatar ce ta ƙare

Juya sitiyari har ƙarshe, ka haska fitilar waya ta tsakanin ramukan wili. Za ka hango faifan birki, wanda makanikai ke kira dis, da kalifa a rungume da shi, da fata biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. Naman fatar kake dubawa, ba ƙarfen bayanta ba. Sabuwar fatar Corolla tana da kaurin milimita 11. Kamfanin ya sa milimita 1 a matsayin iyaka ta ƙarshe, amma kada ka jira ta kai can. Da ta sauko milimita 3, sauya ta.

Kunne ma yana faɗa maka. Ƙara siririya kamar ana goga cokali a faranti, ɗan ƙarfen gargaɗi ne da aka maƙala a jikin fatar ya fara taɓa dis. Gurnani mai kauri lokacin taka birki kuwa, naman ya ƙare ke nan, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma kowace tafiya daga nan kuɗin dis kake ƙonawa.

Gargaɗi: fatar ciki ta fi saurin ƙarewa a motoci da yawa, kuma ita ce ba a gani sosai daga waje. Kada ka ga ta waje da sauran nama ka yanke hukunci. In kana shakka, cire tayar.

Idan feda tana nutsewa a hankali har ƙasa, ko tana laushi kamar soso, wannan ba matsalar fata ba ce. Iska ce a layin mai, ko yoyon mai, ko masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu. Sabuwar fata ba za ta gyara shi ba.

2. Zaɓen fata

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Sunan mota da shekara kaɗai ba su isa ba. Corolla ta 2005 da aka shigo da ita daga Amurka tana da noti biyar a taya, wadda ta fito daga Turai tana da huɗu, kuma fatarsu ba ɗaya ba ce. Hanya mafi tabbas ita ce ka kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba ko a jikin ƙofa, ka tafi da ita. In da hali, cire tsohuwar fata ɗaya ka shiga da ita kasuwar kayan mota irin Kofar Ruwa ko Panteka, ka ɗora ta a kan sabuwar baya da baya. Tsawo, faɗi, kunnuwan da ke shiga mazauni, da wurin ɗan ƙarfen gargaɗi, duk su yi daidai. Idan mai shago ya ce «ai ɗan gogewa kaɗan za a yi ta shiga», ajiye masa kayansa.

Nau'i uku za ka tarar. Akwai mai laushi da ake haɗawa da zare da roba da ƙaro: ba ta ƙara, ba ta cin dis, amma tana saurin ƙarewa, kuma idan ta yi zafi sosai kamunta yana raguwa. Akwai mai haɗin ƙarfe: tana jure zafi da nauyi, sai dai tana baƙanta wili da ƙura, tana ɗan kuka, kuma ta fi cin dis. Sai ta siramik: shiru, ƙura kaɗan, tana daɗewa, ta fi tsada. Mai motar gida da ke zirga-zirga cikin gari, siramik ko mai laushi ta kamfani mai suna ta ishe shi. Direban haya mai cika mota da fasinja da kaya, ko mai yawan sauka gangare irin na Hawan Kibo a hanyar Jos, ya nemi mai haɗin ƙarfe, don zafi ne babban abokin gabarsa.

Duba gefen fatar ko bayanta. Fata ta ƙwarai tana ɗauke da lambar kamfani da wasu haruffa biyu, kamar EE, FF ko GG. Harafin farko ƙarfin kamunta ne tana sanyi, na biyu kuma tana da zafi. F ya fi E kamu, G ya fi F. Ga ƙaramar mota FF ta yi daidai. Wadda aka yi don kasuwar Turai za ka ga alamar R90 a jikinta ko a kwali, shaidar cewa an gwada ta da irin wadda motar ta fito da ita. Kamfanoni irin su Akebono, Advics, Bosch, TRW, Ferodo da Textar sanannu ne, kuma saboda sanannu ne ake yawan kwaikwayon kwalinsu. Don haka kada kwali ya ruɗe ka, buɗe shi. Ta jabu ana gane ta da fentin da ya malala har kan naman, rubutu mai dishi-dishi, gefen da ke marmashewa idan ka karce shi da farce, ko ɗan rata tsakanin nama da ƙarfen baya.

Gargaɗi: guji fatar da aka liƙa wa sabon nama a kan tsohon ƙarfe, haka nan fatar da aka ciro daga wata mota. Naman da aka liƙa da gam a bakin hanya yana iya ɓallewa gaba ɗaya lokacin da ya yi zafi, wato daidai lokacin da ka fi buƙatarsa.

Batun kuɗi: farashi yana bin dala, don haka tambayi shago uku kafin ka biya. Wadda farashinta bai kai rabin na sauran ba alhali sunan kamfani ɗaya ne a kwali, ka san amsar. A lissafinka ka sa saitin fata, wato guda huɗu na ƙafa biyu, da ƙaramin giris na birki, da gwangwanin feshin wanke birki, da ƙaramar kwalbar man birki. Idan dis ya lalace, nan ne kuɗin ke tashi, domin biyu ake saya tare. Ba a sauya fatar ƙafa ɗaya a bar ɗaya: motar za ta riƙa fizga gefe duk lokacin da ka taka.

3. Kayan aiki

Jak, da matokarin ƙarfe da mota za ta zauna a kai. Sufanar taya, ga Corolla lamba 21. Sufana ko soket lamba 14 na ƙusoshin kalifa, da lamba 17 idan za a cire mazaunin kalifar. Babban sukudireba mai faɗin baki. Matsi irin na kafinta ko na masu walda, don mayar da fistan. Buroshin waya, tsumma mai tsabta, guntun waya mai ƙarfi, da sirinji don rage mai. Sufanar awo, mai yin ƙas idan ɗauri ya kai, tana da matuƙar amfani, ko aronta ne ka yi.

Giris kuwa, na silikon ko wanda aka rubuta cewa na birki ne. Giris na yau da kullum da ake sa wa boris yana kumbura roba, kuma bayan 'yan watanni zai liƙe sandunan da ka sa masa.

4. Ɗaga mota

Ajiye ta a wuri mai lebur da tauri, siminti ya fi. Ja birkin hannu, sa giya a P, ko giya ta ɗaya in ta hannu ce, ka tare tayoyin baya da dutse ko katako gaba da baya. Sassauta notin taya kwata-kwatan zagaye tun tana ƙasa. Sa jak a wurin da aka ƙarfafa a ƙasan gefen mota, bayan tayar gaba, za ka ga 'yar tsaga. Ɗaga, ka zura matokari, ka sauke nauyin a kansa. Tayar da ka cire, kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar.

Gargaɗi: jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulon siminti kuma yana fashewa ba tare da ya yi sallama ba. Kada hannunka ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan ɗayansu.

Ƙafa ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayar. Ta biyun ita ce abin dubawarka idan ka manta yadda wani ƙarfe yake zaune. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai.

5. Cire kalifa da tsohuwar fata

Buɗe bonet, ka goge murfin kofin man birki, ka kwance shi ka bar shi a ɗore. Idan man ya kusa cika, zuƙe kaɗan da sirinji, don zai taso idan ka mayar da fistan. Man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a jikin mota wanke shi da ruwa nan take.

Juya sitiyari yadda bayan kalifar zai fuskance ka. Akwai ƙusoshi biyu, sama da ƙasa, masu kan lamba 14. Idan sandar da ƙusar ke ciki tana juyawa tare da ita, riƙe ta da wata sufanar. Kana iya kwance ta ƙasa kaɗai ka ɗaga kalifar sama kamar murfin akwati, amma ya fi kyau ka cire duka biyun don ka duba sandunan da kyau. In kalifar ta ƙi fita, zura sukudireba tsakanin tsohuwar fata da dis ka ɗan banƙara a hankali, fistan zai ja baya kaɗan.

Gargaɗi: kada ka saki kalifa tana reto a jikin tiyonta. Rataye ta da waya a jikin sifirin. Tiyon yana iya tsagewa ta ciki ba ka gani ba. Kuma daga yanzu har ka mayar da ita, kada kowa ya taka birki, musamman yaran da ke son shiga mota su yi wasa. Takawar tana iya tura fistan waje, mai ya zube, aikin rabin sa'a ya koma na yini.

Zare fatun daga mazauninsu. Lura da wadda ke ɗauke da ƙarfen gargaɗi, da ko sama yake ko ƙasa. Siraran farantan da ke manne a bayan fata, su ne ke hana kuka. Idan sabuwar ba ta zo da nata ba, cire tsofaffin ka goge su.

6. Karanta tsohuwar fata da dis

Kafin ka jefar da fatun, jera su ka duba. Idan sun ci daidai wa daida, birkin yana aiki lafiya. Idan ɗaya ta ƙare ɗaya na da rabin nama, ko dai sandunan sun ƙage ko fistan ba ya komawa. Idan fata ta ci a karkace, gefe ɗaya siriri ɗaya mai kauri, sanda ɗaya ce ta maƙale. Idan fuskar tana ƙyalli kamar gilashi ko ta tsattsage, zafi ne ya yi mata yawa. Duk wanda ka gani a cikin waɗannan, sabuwar fata ma haka za ta ƙare muddin ba ka gyara dalilin ba.

Sai dis. Ja farcenka daga tsakiya zuwa baki. 'Yan layuka marasa zurfi ba komai. Rami mai kama farce, ko tsaga, ko tabo mai shuɗi-shuɗi, ko leɓe mai tudu a bakin faifan, duk alamun ya gaji ne. Kowane dis an buga masa mafi ƙarancin kaurinsa a gefe ko a tsakiya. Na Corolla ta Amurka da muke magana a kai, sabo milimita 25 ne, iyakarsa 23. Milimita biyu kacal ke tsakanin sabo da matacce, shi ya sa ido ba ya isa, sai an auna. Idan sitiyari yana rawa lokacin taka birki a guje, kaurin faifan ba daidai yake ba a zagayensa. Ana iya kai shi a fere a injin, da sharaɗin bayan firar bai sauka ƙasa da lambar da aka buga ba.

7. Wanki da giris

Wannan ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna taruwa a mazaunin fata su zama tsatsa, fatar ta kasa motsi. Cire ƙananan ƙarafan da kunnuwan fata ke zama a kansu, ka goge ƙarƙashinsu da buroshin waya har ƙarfe ya fito fes. In saitinka ya zo da sababbi, sa su.

Gargaɗi: kada ka hure ƙurar birki da baki ko da iskar famfo. Wasu fatun, musamman masu arha, har yanzu akwai asbestos a cikinsu, kuma yana illa ga huhu. Fesa maganin wanki ko ka jiƙa tsumma ka goge.

Zare sandunan nan biyu daga cikin robobinsu, ɗaya bayan ɗaya, don a wasu motoci ta sama da ta ƙasa ba iri ɗaya ba ne, ɗaya tana da 'yar roba a bakinta. Goge tsohon giris tas. Idan akwai tsatsa kaɗan, samfefa mai laushi za ta ɗauke ta, in ta ci rami kuwa sai sabuwa. Shafa giris siriri, ka mayar, ka tabbatar bakin robar ya hau gurbinsa. Gwada da yatsa biyu: sandar ta shiga ta fito sumul. Kada ka cusa giris da yawa cikin ramin, iska za ta kulle a ciki sandar ta ƙi shiga har ƙarshe. Robar da ta yage a sauya ta, ta nan ruwa ke shiga.

8. Mayar da fistan

Duba robar da ke zagaye da fistan. In ta yage ko ka ga danshin mai, kalifar tana buƙatar gyara kafin a ci gaba. In lafiya take, goge ta, ka ɗora tsohuwar fata a fuskar fistan, ka sa matsi ka riƙa ɗaurewa sannu a hankali har fistan ya shige ya yi daidai da bakin gidansa. Leƙa kofin mai sau ɗaya ko biyu kada ya yi ambaliya. Fistan mai lafiya yana tafiya ba gardama. Wanda sai an yi da ƙarfin tsiya, ya fara ƙagewa, kuma shi zai ƙone sabuwar fatar cikin 'yan makonni.

A mota mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa lokacin birki, wadda man birkinta ya yi baƙi, ya fi kyau a sa siririn tiyo a bakin ƙusar fitar da iska, a sassauta ta kaɗan yayin matsawa, dattin ya fita cikin kwalba maimakon ya koma sama. A ɗaure ƙusar kafin a saki matsin, in ba haka ba iska za ta shiga.

Wannan dabarar ta ƙafar gaba ce. Fistan baya a motoci da yawa murɗa shi ake yi, matsi zai lalata shi.

9. Sa sabuwar fata

Shafa giris kaɗan, kamar ƙwayar gero biyu, a kunnuwan fata inda suke zamiya, da ɗan siriri a bayan farantin da fistan ke turawa. Zura fatun cikin mazauni, nama yana fuskantar dis. Kada ka yi mamakin wannan tunatarwa, ana sa fata a juye, musamman idan magariba ta kawo kai ana sauri. Ƙarfen gargaɗi ya koma inda hotonka ya nuna. Fatar ta riƙa motsi da turin yatsa. In sai da guduma, fito da ita ka sake goge mazaunin.

Gargaɗi: ko ɗigon giris ko mai kada ya taɓa fuskar fata ko dis. In ya taɓa dis, fesa ka goge. In ya jiƙa naman fata, ta tashi daga aiki.

Sauke kalifar a kan fatun ba tare da tiyo ya murɗe ba. Fara ɗaura ƙusoshin da hannu, sannan sufana. A Corolla ɗaurinsu Nm 34 ne a ma'aunin sufanar awo, ba su son ƙarfi da yawa, suna karyewa. In ka cire mazaunin don sauya dis, manyan ƙusoshinsa Nm 107. Mayar da taya, ka ɗaura notin da hannu, ka sauke mota, sannan ka ƙarasa ɗaurin kana tsallake ɗaya kana kama na gaba da shi, a Nm 103. Hawa kan sufana da ƙafa yana miƙar da ƙusar taya, yana kuma iya karkata zaman dis. Koma ɗaya ƙafar ka maimaita.

10. Kafin mota ta motsa

Gargaɗi mafi girma a wannan aiki: yanzu motarka ba ta da birki. Fistan yana can ciki, bai kai ga fata ba. Zauna ka riƙa taka feda rabi-rabi, sau goma ko fiye, har ta yi tauri. Kada ka kai ta ƙasa, a tsohuwar mota hakan yana tura robar masta zuwa wurin da ya yi tsatsa ta yage. Tayar da inji ka sake takawa, ka riƙe na daƙiƙa talatin. Kada ta nutse.

Duba kofin mai, ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa. In za ka ƙara, karanta murfin: DOT 3 ko DOT 4. Kada ka zuba DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Daga sabuwar kwalba za ka zuba, don man birki yana shan danshin iska. DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 140 yake tafasa, kuma idan ya tafasa feda ƙasa take tafiya. Ruwan sabulu da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya ƙare musu a hanya, tsatsa yake sa wa fistan da masta, ga saurin tafasa. In an taɓa zuba wa motarka, a wanke layin gaba ɗaya.

11. Zaunar da fata

Fara gwaji a cikin layi da tafiyar ƙafa. In ta tsaya daidai, nemi miƙaƙƙen titi mara cunkoso. Kai gudun kilomita 60, ka taka da matsakaicin ƙarfi har ta sauko wajen 10, kada ka tsaya cak, ka sake hawa. Yi haka sau takwas zuwa goma, da 'yar tazara tsakaninsu. Daga nan ka yi tafiyar minti biyar ba ka taɓa birki sosai ba, ya huce. Ɗan wari a wannan lokaci ba abin damuwa ba ne. Abin da za ka kiyaye shi ne tsayawa da ƙafa a kan feda alhali dis yana da zafi, don fatar tana barin tabo a wuri ɗaya, daga baya ka ji sitiyari yana rawa.

A kilomita 200 zuwa 300 na farko, bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba, ka guji birkin gaggawa in ba dole ba. Bayan tafiyar farko, kusanta bayan hannunka da wilin dama da na hagu ba tare da ka taɓa ba. Zafinsu ya zo kusan ɗaya. Idan ɗaya ya fi zafi sosai, ko motar tana jan gefe, wannan ƙafar tana riƙewa: koma mataki na 7 da na 8. Bayan kilomita 50, sake bin notin taya da sufana, ka leƙa bayan kowace kalifa ko akwai danshin mai.